Zumunci da Tafiya a Fim ɗin Barkwanci: Kwatanci Tsakanin Italiya da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Manufar wannan maƙala ita ce gano dalilin da ya sa fim ɗin barkwanci na Italiya ya ci moriyar jigon tafiyar 'yan'uwa, alhali takwaransa na Hausa, wato camama, bai ba shi muhimmanci ba.

2.0 Misalan Italiya

A fim ɗin Lo chiamavano Trinità (1970), Bud Spencer da Terence Hill sun fito a matsayin wa da ƙane da ba sa ga maciji, sai wuya ta haɗa su. A Al lupo al lupo (1992) na Carlo Verdone kuwa, 'yan'uwa uku, maza biyu da mace ɗaya, suka bazama neman mahaifinsu da ya ɓace. Hanya ce ta tilasta musu zama tare, har kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Daga wannan gori ne dariya take fitowa.

3.0 Matsayin Hausa

Al'adar Bahaushe ta keɓe raha ga abokan wasa, kamar taubasai, ko jika da kaka. Babban wa kuwa uba ne, ba a muzanta shi a bainar jama'a. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa camama, musamman ta Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, ta fi karkata ga kwaikwayon ƙabilu da masu sana'a.

Sai dai Abubakar Imam ya riga ya nuna mafita a Ruwan Bagaja (1934). Ya bar Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta shirya wa juna makirci gari bayan gari, bai bayyana cewa 'yan'uwa ne ba sai can gaba. Ke nan an sha dariya, zumunci kuma bai zube ba.

4.0 Kammalawa

Masu kallon da wannan jigo ya shafa ba su da wuyar samu. 'Yan ci-rani da ke neman abinci a unguwanni irin su Apo ta Abuja, yawanci wani ɗan'uwa ne ya jawo su, tare kuma suke kama hanyar gida da Salla. Muddin camama ba ta bi sawun Imam ta shiga motar nan ba, za ta ci gaba da yi wa baƙo dariya, ta bar Bahaushe bai ga kansa ba.