Fatar Gora a Zanen Kwamfuta

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu zanen gine-gine, wai yaran nan da ke kwana gaban kwamfuta suna gyara ƙyallin gora da launin katako ɓata lokaci suke yi, gini dai awo ne da tushe da rodi, sauran duk kwalliya ce. Wasu kuma cewa suke ai tuni an gama wannan aiki: shiga intanet ka sauko da fatar gora kyauta ka liƙa, ko ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana maka. Ban yarda da ko ɗaya ba. Yi wa abu fata a zanen 3D fanni ne mai zaman kansa, kuma a ƙasarmu ba a ma fara shi yadda ya kamata ba.

Tarihinsa ba shi da tsawo. A 1974 Edwin Catmull, a Jami'ar Utah ta Amurka, ya nuna yadda za a naɗe hoto a jikin siffar da kwamfuta ta gina. A 1978 James Blinn ya zo da dabarar yaudarar haske, wadda ke sa wuri sumul ya fito da tudu da kwari. Fim ɗin Toy Story ya fito a 1995, manhajar Blender ta zama ta kowa kyauta a 2002 ta hannun Ton Roosendaal mutumin Holan, sannan a 2012 Brent Burley na kamfanin Disney ya tattara halayen fatar abubuwa cikin 'yan ma'aunai kaɗan, irin su launi da kaushi da ƙyalli. Su ne ma'aunan da ɗalibi a Dutse ko Kazaure yake murɗawa yau idan ya buɗe Blender.

Kayan aiki sun iso mana, amma fatun da suka zo tare da su na wasu ne. Gorar da ta cika rumbunan intanet ta Asiya ce, yawanci irin wadda ake kira moso a ƙasar Sin: doguwa ƙwarai, tana kai mita 20, cikinta rami, jikinta kore shar, da farin zobe kamar an barbaɗa alli a ƙarƙashin kowace gaɓa. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Sara ta Jigawa ranar da take ci ya san ba ita ce ke hannun makiyayi ba. Tamu siririya ce, kusan a cike take, shi ya sa take da nauyi a hannu, kuma idan ta bushe launinta tsakanin ruwan ƙwai ne da ruwan ƙasa. Ga kuma gorar kudu mai rami, wadda ake kafa wa magina su taka a ginin bene. Ga gwangwala, reshen tukurwa, da ake gado da rufin ɗaki da ita, wadda ba ta da gaɓa ko ɗaya. Abubuwa uku ke nan mabambanta, amma sai ka ga an yi rendar rumfa a ƙauyen Hausa, wato hotonta da kwamfuta ta fitar, an lulluɓe ginshiƙanta da koriyar gorar Sin, kowa kuma ya yaba.

Abin da na fi so a duk fannin shi ne aikin gaɓa, kuma a nan nake gane gwani.

Ɗan koyo yakan ɗauki bututu ya naɗa masa hoton gora, ya ce ya gama. Daga nesa babu laifi. Da kyamara ta matso sai asiri ya tonu, domin gefen bututun miƙe yake ɗoɗar, alhali gora ta gaskiya tana ɗan kumbura a kowace gaɓa. Dabarar Blinn ba ta gyara wannan, don ita haske kawai take yaudara, ba ta taɓa siffar abu. Dole kumburin ya shiga jikin siffar kanta. Sannan gaɓar ba layi ɗaya ba ce. Akwai siririn tabo inda ɓawo ya faɗi, akwai ɗan tudu a samansa, a tsakaninsu kuma ɗan kwari inda datti ke taruwa. A gefe guda akwai ido, wurin da reshe ya fito aka sare shi da wuƙa, kuma idon nan ba ya jeruwa a gefe ɗaya: wannan gaɓa dama, ta gaba hagu. Tazarar gaɓoɓin ma ba daidai take ba. A gindi suna kusa da juna, a tsakiya su yi nisa. Wanda ya maimaita hoto ɗaya sau shida a kan sanda ɗaya, ido zai kama shi nan take, ko da mai kallo bai iya faɗin abin da ya dame shi ba.

Bayan siffa sai ƙyalli, wanda ni a wurina ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Bayan gora yana da tauri da santsi, kuma zarenta a tsaye yake daga gindi zuwa kai, don haka hasken rana yakan kwanta a jikinta dogo siriri, ya yanke a gaɓa, ya ci gaba a bayanta. Masu aikin suna sarrafa wannan da wani hoto na daban, fari da baƙi, wanda ke gaya wa kwamfuta inda ke da santsi da inda ke da kaushi. A cikin wannan hoto ne rayuwar gorar take. Ɗauki sandar makiyayi. Inda tafin hannu ke kamawa ya yi duhu ya yi sulɓi saboda gumi da man da ake shafa mata. Ƙasanta ya dushe ya farfashe don dukan ƙasa. Wani wuri akwai baƙin tabo inda aka gasa ta a wuta aka miƙar da ita. Gorar rumfa kuwa wani labari ne: gefen da ke kallon rana ya koɗe ya yi toka-toka, gefen inuwa ya riƙe launinsa, tsaga ta bi tsawonta ta tsaya a gaɓa, ga 'yan ƙananan hujojin ƙwari da ke zubo da gari. Duk waɗannan ana iya zana su, kuma babu ɗaya da ke zuwa da kansa. Sai mai zane ya je ya tsuguna ya duba.

Sai kuma ƙura, wadda fatun waje ba su san da ita ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu abin da ke ƙyalli a waje a kudancin Jigawa. Ƙurar hunturu tana kwanciya a saman duk abin da ke kwance, tana cika kwarin gaɓa, tana kashe wancan dogon haske har ya koma dishi-dishi. A Blender ana iya sa ƙura ta sauka a fuskokin da ke kallon sama kawai, aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. Rendar da babu wannan, kamar amarya ce da aka yi wa kwalliya da hodar da ba ta dace da fatarta ba. Wani abin daɗi, hazon nan da muke kuka da shi alheri ne ga mai ɗaukar hoton fata. Ana son hoton da babu inuwa a cikinsa, domin kwamfuta ce za ta kawo tata inuwar daga baya, kuma safiyar hazo tana ba da haske mai laushi wanda a wasu ƙasashe sai an sayi fitilu da labule ake samunsa.

Masu cewa manhaja za ta zana komai ba su lura da cewa abin da aka ciyar da ita take amayarwa ba. Hotunan moso sun yi mata yawa, na gorarmu kuwa ƙalilan ne. Masu cewa kwalliya ce kuwa, su suka fi ba ni mamaki, domin sun fi kowa sanin yadda ake cinikin gini a yau. Alhaji ba ya karanta taswira. Hoto ake nuna masa a waya, abin da ya burge shi a hoton shi zai ce a gina. A hoton nan tayil yana walƙiya, gilashi yana walƙiya, kwanon rufi yana walƙiya, saboda an daɗe da yi musu fatu masu kyau. Kayanmu kuwa ko dai babu su, ko su fito kamar roba. Ta yaya mai kuɗi zai zaɓi rumfar gora ko silin na asabari, bayan bai taɓa ganinsu sun yi kyau a zane ba? Ina da yaƙinin cewa wani ɓangare na raina kayan ginin gargajiya daga nan yake, kuma daga nan za a iya fara gyara shi. Babban Gwani ya ɗaga bakan masallacin Zariya da azara da laka tun shekarun 1830, daga baya masanin gine-gine Zbigniew Dmochowski ya bi ƙasar nan yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su. Awon yana nan a littattafai. Fatar ce babu wanda ya tattara.

Gwaram da Birnin Kudu wurare ne da suka dace a fara. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse wanda masana suka sani tun shekarun 1950, wato kallon abu da kyau a fitar da siffarsa ba baƙon abu ba ne a yankin. Kuma har yanzu kayan suna nan a ƙauyukan Fagam da Kila da Basirka: dangar kara, zana, rumbun laka mai hular ciyawa, azara, igiyar rama. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na kwalejojin Kazaure za su iya yin aikin da waya mai kyamara mai kyau da ma'auni a ajiye gefen abu, su saka sakamakon kyauta yadda rumbun Poly Haven ke yi. Gora za a fara da ita don ta fi sauƙi. Zana ce za ta ba da wahala, domin saƙa ce, haske yana ratsa ta, kuma inuwar da take jefawa a ƙasa ma sai an zana ta daidai. Wannan sai an ɗauke ta sau biyu, sau ɗaya rana na gabanta, sau ɗaya rana na bayanta.