Middlemarch: Abin da Kyamara Ta Kasa Ɗauka

Yau za mu leƙa Ingila, garin Middlemarch, wanda ba za ku same shi a taswira ba. Mary Ann Evans, wadda duniya ta sani da George Eliot, ita ta ƙago shi a littafinta da ya fito kashi-kashi tsakanin 1871 da 1872. Labarin ƙaramin gari ne a wajajen 1830, lokacin da ake ta cece-kuce kan gyaran dokar zaɓe, layin dogo kuma yana shirin ratsa gonakin mutane.

A 1994 BBC ta mayar da shi wasan talabijin. Andrew Davies ya tsara, Anthony Page ya ba da umarni, aka ɗauki wasan a garin Stamford mai tsofaffin gine-ginen dutse. Wajen ƙayatarwa kam, ba a cewa komai. Juliet Aubrey, wadda ta fito a Dorothea Brooke, budurwar da ta auri limamin coci Casaubon don ta taya shi aikin littafinsa, har kyautar BAFTA ta ci, kuma ta cancanta.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin littafin yana cikin muryar mai ba da labari, wadda ke kutsawa zuciyar kowa. Ku dubi Casaubon. A talabijin busasshen dattijo ne mai kishi, wanda ya bar wasiyya cewa in matarsa ta auri ɗan'uwansa Will Ladislaw, ba ta ba gado. Kana kallo haushinsa na cin ka. A littafin kuwa, Eliot takan tsayar da kai ta nuna maka mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tara takardu, kullum cikin fargabar kada a gane aikin ba zai kammalu ba. Nan tausayinsa zai kama ka ba shiri. Patrick Malahide, wanda ya fito a Casaubon, ya yi iya yinsa, sai dai fuska kaɗai ba ta isa ta faɗi wannan duka ba.

Davies bai shigo da muryar mai ba da labarin ba sai a ƙarshe, inda Judi Dench ta karanto makomar jaruman. A ganina ya makara. Ku kalli wasan, ba za ku yi asarar lokaci ba, amma mai son sanin Casaubon sai ya nemi littafin.