Sharhi a Kan Duba Jijiyoyin Wuyan Kunkurun Teku da Amon Sauti

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan binciken da Ana Valente da abokan aikinta na Barselona suka buga a 2007, game da duba cikin kunkurun teku da na'urar sikanin, watau mai ɗaukar hoto da amon sauti. Wani zai ce ina ruwan mazaunin Ƙofar Nassarawa da dabbar teku, alhali tsakaninsa da Ikko tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000? Ruwansa shi ne kunkurunmu na tudu, wanda in ya yi ciwo, irin waɗannan rubuce-rubuce likitan dabbobi zai waiwaya.

Amon sauti ba ya ratsa ƙashi. Ƙoƙon kunkuru kuwa tamkar ganuwa yake, ba a shiga sai ta ƙofa. Kyawun aikin Valente shi ne ta zayyana ƙofofin nan filla-filla: saman wuya da ƙasansa, tsakanin wuya da kafaɗa, hamata, da gaban cinya da bayanta. A ganinmu wuya ne babbar ƙofa. Tun 1980 Owens da Ruiz suka bayyana yadda ake ɗibar jini daga jijiyar saman wuya, amma da lalube ake soka allurar. Na'ura kuwa tana nuna jijiyar ƙuru-ƙuru.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Kunkurun teku ba ya iya mayar da kansa cikin ƙoƙo, wuyansa kullum a fili yake. Namu kuwa da an taɓa shi sai ya naɗe wuya ya shige. Kafin a aza masa na'ura, dole a jawo kan da ƙarfi ko a ba shi maganin barci, kuma kowanne daga cikinsu yana sauya bugun zuciya da gudun jini. Ashe abin da aka auna ba halin dabbar na yau da kullum ba ne.

Haka kuma ɗumin jikin kunkuru yana bin yanayi. Awon da aka yi da safiyar hunturu a Kano ba zai zo daidai da na tsakar ranar bazara ba, balle da na Bahar Rum. Valente ba ta ce sakamakonta ya shafi kunkurun tudu ba. Gargaɗinmu ga mai aro ne. Likitan da zai auna jijiyar wuyan kunkuru, a Kano ko a Zariya, sai ya rubuta zafin wurin, da yadda aka riƙe dabbar, da maganin da aka ba ta.