Sharhi a Kan Manufofin Bugu na Mujallar Frontiers in Psychology

Wannan mujalla, wadda aka fara bugawa a Suwizalan a 2010, tana da sashen nazarin halayyar ɗalibi wajen koyo. Kowa na iya karanta maƙalunta kyauta a intanet. Haka kuma tana bayyana sunayen waɗanda suka tantance kowace maƙala, abin da ke sa su yin hattara. Wannan abin yabo ne.

Sai dai marubuci ne ke biyan kuɗin bugu, rangwame kuwa sai an nema, kuma da Ingilishi kawai ake karɓar aiki. Ke nan malamin da ya nazarci yadda yara ke koyon karatu da harshen uwa, in ba shi da tallafi, sai ya karanta binciken wasu, nasa kuwa ya ƙare a cikin akwati.