Zango Na Kallo, Wa Ke Kallon Zango? Nazari Kan Fim a Nima da Maamobi

A birnin Accra, daga Maamobi zuwa Kanda tafiyar ƙafa ce. A Kanda ɗin ne hukumar fim ta Ghana, wadda gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina a shekarun 1960, take da ɗakunan ɗaukar hoto da na tace sauti, kafin a sayar wa wani kamfanin Malesiya kashi 70 cikin ɗari na hannun jarinta a 1996, wurin ya koma gidan talabijin na TV3 a shekarar da ta biyo. Wato mutanen zangon Nima da Maamobi sun yi shekara da shekaru suna maƙwabtaka da cibiyar fim ta ƙasarsu, amma finafinan da suka rene su daga Indiya suka zo, daga baya kuma daga Kano. Sun kalli labarin kowa, da wuya ka sami nasu a allo. Wannan giɓin ya cancanci a tsaya a duba shi.

Daga silima zuwa ɗakin bidiyo

Dattawan unguwa sun san zamanin gidajen silima: Dunia a Nima, Orion a bakin shataletalen Nkrumah, Rex da Opera a cikin gari. Finafinan kaboyi na Amurka, na faɗan Sin, da na Indiya su ne abincin dare. Na Indiya sun fi shiga ran mutanen zango, saboda dalilin da ya sa suka shiga ran Kanawa: ga auren dole, ga biyayya ga iyaye, ga mace mai lulluɓi da kunya, ga talaka da ke son 'yar mai kuɗi. Ba sai ka ji yaren ba kafin ka gane inda aka dosa.

Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981, haɗe da tsananin talaucin lokacin, ta karya wannan kasuwa. Gidajen silima da dama suka zama coci ko wurin ajiyar kaya. Abin da ya gaje su shi ne ɗakin bidiyo: rumfar katako ko wani ɗaki a cikin gidan haya, benci biyar ko shida, talabijin a kan tebur, janareta na kuka a bayan gida, yaro a bakin ƙofa yana karɓar sulalla. A waje kuma an rataye tallan fim da aka zana da fenti a kan buhun fulawa, jarumin ya fi ƙarfin da yake da shi a cikin fim ɗin, jinin ma ya fi yawa. A irin waɗannan ɗakuna, da kuma ɗakunan matan aure inda ake kitso da lalle, kaset ɗin Kano ya sami masauki, ta hannun fataken da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Legas, Lome da Accra.

Yadda fim ɗin Kano ya riƙa sauya hali

Kafin bidiyo akwai Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma wasannin talabijin na su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja. Amma masana'antar da muka sani yau ta fara ne da Turmin Danya a 1990, aikin ƙungiyar Tumbin Giwa. Finafinan farko 'ya'yan wasan daɓe ne da littattafan soyayya: magana ta fi motsi yawa, kyamara tana tsaye wuri guda. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim.

Sangaya, a 1999, shi ya juya akalar. Ali Nuhu a matsayin yarima, Fati Mohammed a matsayin baiwar gidan sarauta, ga waƙa a kan fiyano, ga rawa. Daga nan 'yan kasuwar kaset suka gane cewa waƙa ce ke sayar da fim, har aka kai lokacin da furodusa zai fara sayen waƙoƙi sannan ya nemi labarin da zai ɗaure su. Jarumai irin su Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a hatsarin mota a farkon 2007, da Adam A. Zango, sun tashi a wannan zamani. A gefe guda kuma Rabilu Musa Ibro yana tafiyar da tasa kasuwar ta barkwanci, wadda ake kira camama, fim mai arha da ake gamawa cikin 'yan kwanaki, amma wanda ya fi kowanne shiga ƙauye da tasha har rasuwarsa a Disamban 2014.

Bayan na 'yan kasuwa, hannu na biyu da ya murɗa masana'antar shi ne na hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. Daga 2007, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, takura ta yi tsanani: an ɗaure Adam A. Zango, an ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a ƙarshen 2008, 'yan fim da yawa suka koma Kaduna da aiki. Sai hannu na uku, na na'ura. Satar fasaha da tura fim ta waya suka kashe kasuwar faifai, fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta ƙwace masu kallo. Tashar Arewa24, wadda ta buɗe a 2014, da YouTube suka haifi fim mai dogon zango: Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, Labarina na Aminu Saira, Izzar So na Lawan Ahmad. Rawa ta ja baya, labari da zance suka dawo gaba, siyasa da cin hanci suka sami wuri. Mai kallo a Maamobi ya bi duk waɗannan sauye-sauye. Yau a majalisar samari, ana dafa ataya a kan kurfoti, kawuna huɗu ko biyar za ka gani a kan waya guda, ana jiran fitowar sabon kashi a daren da Kano ma take jiransa.

Abin da ɗan zango ke nema a ciki

Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga masu ƙasa, mutanen Ga. Waɗanda suka cika ta, ita da Maamobi, ba Hausawa ne kaɗai ba: akwai Zabarmawa, Kotokoli, Mosawa, Dagomba, Fulani, Wangara, Busanga, Yarabawa da Frafra. Hausa ce ta haɗa su, Hausar kasuwa da bariki da makarantar allo. Tana da nata kamanni. Ba ta damu da bambanta namiji da mace a nahawu ba, za ka ji an ce mace “ya zo”. Haruffa masu lanƙwasa sun miƙe. Turanci da Tuwi da Ga sun shiga cikinta sun zauna.

Ga irin wannan mai kallo, fim ɗin Kano makaranta ne kafin ya zama nishaɗi. A nan yake jin karin maganar da kakarsa ta tafi da ita, yake ganin yadda ake durƙusa wa suruki, yadda ake kamu da buɗar kai. Tela na ɗaukar yayin ɗinki daga jikin jaruma, mai kiɗan biki na sa waƙar Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef. Sai dai makarantar tana da illa. Tana koya wa ɗalibinta cewa Hausar gaske tana can, tasa kuwa gurɓatacciya ce. Dubi finafinan camama: duk wanda ya karya Hausa, ko Bagware ne ko Bayarabe ko Inyamuri, an kawo shi ne don a yi dariya. Da ɗan Maamobi zai shiga irin wannan fim da bakinsa na gida, a layin 'yan ban dariya za a tsayar da shi, ba a ba shi matsayin mai neman aure ko alƙali ba.

Zango a kyamarar wasu

Baƙin da ke zaune a Accra sun shiga tarihin fim na duniya tun da wuri, amma ta hannun wani. Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955, a kan 'yan borin Hauka, Zabarmawa da Songhai 'yan ci-rani daga Nijar. Fim ɗin ya tayar da ƙura, hukumar mulkin mallaka ta hana nuna shi, ɗaliban Afirka a Paris suka ƙi shi saboda yadda ya nuna baƙar fata. Jaguar kuma, wanda ya fito a 1967, ya bi Damouré Zika da abokansa biyu daga Nijar zuwa Kumasi da Accra neman kuɗi. Ya fi mutunta mutanensa, amma duk da haka mai riƙe da kyamarar baƙo ne, masu kallonsa kuma Turawa.

Finafinan bidiyo na Ghana ba su gyara ba. Wanda ake lissafawa a matsayin na farko, Zinabu na William Akuffo a 1987, labarin wani makanike ne talaka da wata hamshaƙiyar mayya, kuma sunan Musulma aka ba mayyar. Da tasirin cocin Pentikostal ya mamaye kasuwar a shekarun 1990, malamin zango ya zama mutumin da ake zuwa wurinsa da dare neman asirin kuɗi. Finafinan sakawa da suka yi tashe wajen 2009, a kan samari masu damfara ta intanet, suka ƙara liƙa wa Nima da Maamobi wannan tambari. In ba malamin tsibbu ba, to maigadi ne ko ɗan daba. Mai koko da ƙosai da ta kai 'ya'ya jami'a, da malamin makarantar Islamiyya, da direban tirela mai zuwa Yamai, ba su sami shiga ba.

Abin da Polan ta yi da nata ciwon

Akwai ƙasar da ta dace a auna da ita, ko da yake ta yi nisa. Polan ta fito daga yaƙin duniya na biyu a ragargaje, ta faɗa ƙarƙashin mulkin kwaminisanci mai tace kowace kalma. Amma a 1948 ta buɗe makarantar fim a birnin Lodz, wadda ta yaye Andrzej Wajda da Roman Polanski da Krzysztof Kieslowski. Wajda ya fuskanci raunin ƙasarsa kai tsaye: Kanal na 1957 a kan mayaƙan boren Warsaw da suka ƙare a magudanar ƙazanta, da Popiol i diament na 1958, inda Zbigniew Cybulski, da baƙin tabaransa, ya zama fuskar samarin da yaƙi ya cinye wa ƙuruciya. A ƙarshen shekarun 1970 salon ya koma tuhumar lamiri da ƙaryar hukuma, har fim ɗin Wajda a kan yajin aikin ma'aikatan Gdansk ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1981. Wani fim na Ryszard Bugajski a kan azabtar da fursunoni, da aka gama a 1982, an kulle shi sai 1989. Da ya fito, Krystyna Janda ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a Cannes a 1990.

Bambancin da Kano a fili yake. A Polan hukumar da ke tacewa ita ce kuma ke biyan kuɗin fim da na makaranta, don haka darakta yana da ilimi da kayan aikin da zai yi mata zagon ƙasa da ishara da habaici. A Kano hukuma tana hani, ɗan kasuwa yana biya, kowanne da buƙatarsa, darakta a tsakiya. Mafi sauƙin hanya ita ce soyayyar da ba ta taɓa kowa. Da kwaminisanci ya faɗi a 1989, Polan ma ta ɗanɗani mulkin kasuwa, finafinan harbe-harbe da barkwanci suka cika wuri, sai da aka kafa Cibiyar Fim ta Polan a 2005, da harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan kuɗin shigar gidajen talabijin da silima da masu rarrabawa. Cikin shekara goma Ida na Pawel Pawlikowski ya kawo mata Oscar a 2015.

Labaran da ke jiran mai ɗauka

Zango ba shi da ƙarancin labari. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Iyalai suka rabu, aka sayar da gidaje da arha, mutanen da aka haifa a Accra suka nufi ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta rama da tata korar baƙin. Akwai tsofaffin sojojin Burma, akwai fataucin goro da watsewar garin Salaga bayan yaƙin 1892, akwai rayuwar Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, malami kuma mawaƙi, wanda ya rasu a 1934. Akwai tambayar da ake yi wa jikan baƙo a ofishin katin ɗan ƙasa: garinku na asali ina ne? Kowanne a cikinsu ya isa fim.

Mawaƙa sun riga sun nuna hanya. Ƙungiyar VIP ta fito daga Nima ta sa Hausar zango a cikin kiɗan hiplife, Ghana duka ta yi rawa ba tare da an nemi su gyara bakinsu ba. Abin da ya rage wa fim shi ne horo da jari. An kafa makarantar fim ta NAFTI a Accra a 1978, Asusun Raya Zango an kafa shi a 2017, dokar fim ta 2016 ta tanadi asusun tallafi. Kuɗin da zai tura yaran Nima da Maamobi koyon rubutun labari, ɗaukar hoto da tace sauti bai kai na gina kwalbati ɗaya ba. Sharaɗi guda ne a kansu in sun dawo: su rubuta da Hausar da ake ciniki da ita a kasuwar Nima, su bar kwaikwayon bakin Kano. Kano ta yi shekara talatin tana aika wa Accra labarinta. Tana da masu kallon da za su saurara in Accra ta mayar da amsa.