Gadar Malanbil da masu ba mu labarinta



Tun daren 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka fito a Tele Sahel suka ce sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, yankinmu ya shiga bakin duniya. Ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Motocin kaya suka yi layi makonni, albasa ta ruɓe, masu ziyarar dangi suka koma hawan kwalekwale. Wannan mun gani da idonmu. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aka riƙa ba mu labarin abin da ke faruwa a ƙofar gidanmu, da kuma wanda ya ci riba.

Mu fara da hukumomi. Ranar 3 ga Agusta 2023 mahukuntan Yamai suka dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku. A nan Benin, cikin wannan Agustan na 2023, hukumar HAAC ta rufe kafafen Gazette du Golfe, har da Golfe TV da Golfe FM, a kan yadda suka kawo labarin juyin mulkin. Gwamnatoci biyu ba sa ga maciji da juna, amma dabararsu ɗaya ce: kowacce tana so ta zaɓar wa talaka abin da zai shiga kunnensa. A ganinmu wannan kuskure ne babba. In ka toshe rijiya, ƙishirwa ba ta tafiya, kududdufi mutane za su koma sha.

Su ma gidajen rediyon waje ba mu wanke su ba. Sun fi sanin Malanbil ranar da Yamai ta zargi Kwatano da ɓoye sansanin sojan Faransa, ko ranar da aka hana ɗaukar man Nijar a Seme cikin Mayu 2024. Da CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe. Manyan kanun labarai suka wuce gaba, suka bar ɗan dako da mai tura amalanke da zaman banza. Wanda ke zaɓen abin da za a tattauna yau ya fi mai ƙarya ƙarfi, don shi ba ya bukatar yin ƙarya.

To, kududdufin da aka koma shi ne wayar hannu. Saƙon murya a WhatsApp, bidiyo a TikTok da Facebook, daga asuba har bayan lisha. Murya ba suna, ba gari, ba kwanan wata, sai dai ka ji "wani soja ne ya faɗa mini". Yau an ce gobe za a buɗe gada, jibi an ce dakaru na tafe. Yawan labari ba ilimi ba ne. Mutum ya saurari saƙo talatin, kai ya ɗau zafi, ya kasa bambance na jiya da na bara. Ƙarshenta sai ya gaskata wanda ya fi ɗaga murya, ko ya ce duk ƙarya ne ya daina tambaya. Duka biyun sun yi wa masu mulki daɗi.

Kada a ɗauka wasa ne. Jita-jita ɗaya tana iya sa ɗan kasuwa ya ɓoye masara farashi ya hau. Tana iya sa a riƙa yi wa baƙo kallon ɗan leƙen asiri, alhali Dandawa da Hausawa da Fulanin gaɓar kogin nan biyu auratayya ta haɗa su tun kafin Turawa su shata iyaka. Ga kuma doka: sashe na 550 na dokar intanet ta Benin ya tanadi ɗauri ga mai yaɗa labarin ƙarya ta waya. Da wannan doka aka yanke wa ɗan jarida Ignace Sossou wata 18 a Disamba 2019, ya yi wata shida a kurkuku, duk da ƙungiyoyin 'yan jarida sun ce kalaman da ya wallafa an faɗe su da gaske. In haka ta samu mai lauya, ina ga ɗalibin da ya tura saƙo a gurup ɗin makaranta?

Ƙarfin da ya rage yana babban yatsanmu. Saƙo ba ya da ƙafa, mu ke ɗaukarsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari, kuma Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa gargaɗi ga mai faɗin duk abin da ya ji. Ɗalibanmu sun san malaman hadisi ba sa karɓar ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba. Me zai sa mu karɓi irinta a kan jinin mutane da dukiyarsu?

Mu da ke Madekali muna da abin da ɗan jaridar Faris ba ya da shi: gadar ba ta da nisa da mu, muna da direbobi da dangi a Gaya. Kafin ka tura, tambayi wa ya faɗa, yaushe, shi ya gani ko ji ya yi. In ba amsa, bar saƙon ya mutu a wayarka.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu. Amin.