Lambar yabo da rayuwar mai ita: daga Suwidin zuwa Damagaram

A shekarar 1993 Abdoulaye Mamani ya tashi daga Damagaram zuwa Yamai domin karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama, sai haɗarin mota ya yi ajalinsa a hanya. Kyautar ta zo, mai ita bai iso ba. Wannan ya isa ya sa mu tambayi kanmu: shin mene ne lambar yabo take shaidawa game da marubuci?

Ƙasashen arewacin Turai, inda kyautar Nobel ta samo asali, suna da amsa. Selma Lagerlöf ta Suwidin, tsohuwar malamar makaranta, ita ce mace ta farko da ta ci Nobel ta adabi, a 1909. Da Tarayyar Sobiyat ta auka wa Finlan a 1939, sai ta ba da lambarta ta zinariya don a taimaki mutanen ƙasar. Knut Hamsun na Norwe kuwa, wanda ya ci tasa a 1920, ya miƙa ta kyauta ga Goebbels, ministan farfagandar Hitila, a 1943, kuma bayan yaƙi kotun ƙasarsa ta ci shi tara mai nauyi. Lamba iri ɗaya ce, amma kowa ya kai ta inda halinsa ya ja shi. Ashe kyauta alƙalami take yabo. Halin mai alƙalamin kuwa, sai an bi sawun rayuwarsa.

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta Mamani. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi gwagwarmaya cikin jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya kuma ɗanɗani kurkuku a zamanin Seyni Kunce. Littafinsa Sarraounia, na 1980, ya ɗauko sarauniyar Lugu wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya ɗaga ta daga ƴan layukan da rahotannin Faransawa suka ba ta, ya mai da ita tutar turjiya. Wanda ya san ɗacin kaye da hijira ne kaɗai zai iya rubuta waɗanda aka ci da yaƙi da irin wannan mutunci.

Sai dai ƙarfin littafin a nan ne kuma rauninsa yake. Hasken da ya zuba wa Lugu ya bar sauran fagage cikin inuwa. Ragowar wannan runduna ce, bayan mutuwar jagororinta biyu, ta gwabza da dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a Tirmini cikin watan Yuli na 1899, kafin ta shiga birni. Ɗalibin da ya san Lugu ta bakin Mamani, bai san abin da ya faru a bayan garinsu ba, karatunsa da saura.

Don haka aikin yana wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. A karantar da littafin tare da tarihin mai shi, a bambance wa yara ƙage da tarihi, a kuma tattara abin da dattawan Tirmini suka gada na labarin wannan yaƙi, a rubuta shi da Hausa tun masu riƙe da shi suna raye. Wannan ita ce karramawar da Mamani ya fi cancanta daga mutanen Damagaram.